Ranar da Pan Ya Je Gaida Kansa

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara wurin Pan Tekhok a unguwar Kimsan ya san faci minti goma ne, labarin yaƙi kuwa awa guda. Ba ya miƙa maka makullinka sai ka ji yadda ya tsare gaɓar Tengwan shi kaɗai, shekara arba'in da biyar da suka wuce, zamanin da ake yi wa tsibirin da garin yake ruwan igwa yau a huta gobe. Matarsa Siulan ta ce a farkon aurensu abokan gaban da ya kora su uku ne. Da aka haifi ɗansu na fari suka zama tara. Yanzu da jikoki suka zo sun kai talatin, har da kwale-kwale biyu.

Bana ya ce zai tsaya takarar mai unguwa. Kujerar ta shekara goma sha biyu a hannun Madam Tiu mai gyaran gashi, kuma duk matar da ta taɓa sa kai a kwanon wankinta ta riga ta zama ƙuri'a. Pan ya ɗinka riga mai sunansa a baya, ya buga hotonsa yana nuna sama da yatsa, ya bi gida-gida yana rabon tishu. Mutane suka karɓi tishun. Sai dai kowa ya san inda zaɓen Kimsan yake: tsofaffi arba'in ɗin nan da ke motsa jiki a dandali da sassafe. Inda suka juya, nan 'ya'ya da surukai suke juyawa.

Ana saura wata ɗaya zaɓe, wani ya manta takardar 'yan yawon buɗe ido a ƙarƙashin kujerar babur. Pan ya buɗe don ya goge hannu, sai ya ga hoton wani ɗan jan ɗaki a bakin teku. An rubuta: Ɗakin Janar Pan, sojan da ya tsare gaɓar Tengwan. A ƙasa ga lambar soja. Pan kan manta ranar aurensa, amma bai taɓa manta lambarsa ba. Ita ce, ba ragi ba ƙari.

Siulan ta sa tabarau ta duba. Ta ce irin wannan ɗaki matattu ake gina wa, sojojin da teku ya ci ba su sami mai binne su ba, don kada su riƙa yawo suna damun masu rai. Kowa ya san haka. Pan ma ya sani. Ya ce ai nan girman abin yake: sauran sai da suka mutu, shi kuwa mutanen Tengwan sun kasa jira.

"Tsoho, kafin ka kwashi mutane zuwa can, ka buga waya ka tambaya," in ji Siulan.

"Janar ba ya buga waya ya tambaya ko an san shi."

Akwai wani ɓangare na labarin gaɓar nan da bai taɓa shiga bakin Pan ba. Amma abin da mutum ya shekara arba'in bai faɗa ba, shi kansa yakan daina jin motsinsa. Takardar ta ce ana bikin Janar ran sha biyar ga wata. Ya lissafa: ya kai tsofaffin nan arba'in su ga gari guda yana durƙusa masa, su dawo, zaɓe ya ƙare tun ba a buɗe akwati ba. Ya liƙa takardar rubuta suna a dandali. Sunan farko da ya bayyana na Madam Tiu ne. Ta ce ita ma tana son tarihi.

Ranar tafiya ya fito da kakinsa na da, wanda aka ɗinka wa yaro mai shekara ashirin. Maɓalli biyu na sama suka yarda, sauran suka ce ba da su ba. Jirgin ruwa na tashi ya tara jama'a a bene, ya hau yi musu bayanin aljanun ruwa, wato sojojin tsallake masu iyo su fito gaɓa su yanke kunnen mai gadi su koma da shi shaida. Ya ce shi teku abokin wasansa ne, ya sha ruwan gishiri fiye da yadda wasu suka sha shayi. Yana cikin nuna yadda ake kama aljanin ruwa ta wuya jirgin ya bar inuwar tashar, ya hau igiyar ruwa ta farko. Pan ya saki wuyan aljanin. A ta biyu ya kama ƙarfen baranda. A ta uku ya mayar wa abokin wasansa karin kumallon da ya ci, har da na jiya.

Kawu Lo, tsohon direban bas, kurma ne rabi da rabi, don haka duk abin da ya raɗa sai jirgi ya ji. Ya raɗa wa na kusa da shi cewa ga dukkan alamu Janar yana biyan teku ruwan da ya sha masa. Madam Tiu ta matso kusa da Pan. Ta zaro tishu mai hoton Pan daga jakarta ta miƙa masa.

Tengwan layi biyu ne da tasha. Gidajen dutse masu tabon harsashi, shagon wuƙaƙen da ake ƙerawa da ƙarfen tsofaffin bama-bamai, da wata tsohuwar tankar yaƙi da akuya ke kwance a inuwarta. Babu wanda ya zo tarya. Pan ya ce haka ya so, bai sanar ba don kada a wahalar da talakawa.

A bakin ramin sojoji da aka fafe cikin dutse akwai wata mata mai 'yar tuta, aikinta ke nan ta shiga da baƙi ta fito da su. Pan ya sallame ta. Ya ce lokacin da yake kwana a ramin nan ko haihuwarta ba a yi ba. Ta ce to, amma kada su bi inda babu fitila. Ya ce taku ɗari uku ne sai a yi hagu, ko ido rufe zai kai su. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne takun ɗan shekara ashirin daban, takun mai ciwon gwiwa daban. A taku na ɗari uku akwai hagu kam, amma ba waccan ba. Fitilu suka ƙare. Rufi ya fara saukowa. Tsofaffi arba'in suka bi shi a sunkuye, kowa riƙe da rigar na gabansa, wata tana kiran sunan mijinta da ya rasu bara tana ce masa ga ta nan tafe. Pan ya ce su lura da wannan wari, warin albarushi ne, ba ya barin dutse har abada.

Warin kabeji ne. Ramin ya ɓulle a bayan wani gidan taliya, inda mai gidan ke ajiye tulunan kabejin da ya jiƙa da gishiri. Pan ya fito da ƙafa ɗaya cikin tulu. Mai gidan yana yankan albasa, ya tsaya yana kallon mutane suna fitowa daga bangonsa ɗaya bayan ɗaya har arba'in da uku. Ya ce duk tsawon yaƙin ba a taɓa kawo masa hari ta wannan ƙofa ba. Sannan ya tambaya ko za su ci da romo ne ko busasshiya. Pan ya gaya wa jama'a cewa dama nan ya shirya musu abincin rana.

Daga nan sai gaɓa. Ruwa ya janye, tsofaffin ƙarafan da aka kafa don tare jiragen abokan gaba suna tsaye a karkace cikin laka, mata 'yan gari suna kankare abincin teku daga jikinsu suna zubawa a bokiti. Pan ya hango dutsen da ya yi gadi a kai can ciki, ya ce sai kowa ya ga inda aka yi ta. Ɗaya daga cikin matan ta ɗago ta ce ruwa ya kusa dawowa. Ya ce mata ya san ruwan nan tun yana ƙarami. Ta tambayi Siulan wa yake nufi, shi ko ruwan.

Ya hau dutsen da rarrafe, ya miƙe, ya ɗauki sandar Kawu Lo a matsayin bindiga. Yana kashe na bakwai jama'a suka ji sanyi a idon sawu, suka juya gaɓa a hankali. Shi bayansa yake ba su, yana fuskantar abokan gaba. Sai da ya gama da na talatin ya nutsar da kwale-kwale na biyu ya waiwayo don karɓar tafi, ya tarar ruwa ya kewaye shi, masu tafin suna zaune kan shingen siminti suna cin gyaɗa.

Suka yi masa hannu ya iyo. Ya ce ba ya son jiƙa kakin gwamnati. Kawu Lo ya raɗa, har can dutsen aka ji, cewa a tambayi Siulan ko mijinta ya iya iyo. Siulan ta ce shekara arba'in tana aure, ko a bahon wanka ba ya sakin gefe. Ƙarshe matar nan da ta yi masa gargaɗi, mai shekara saba'in da 'yan kai, ta juye bokitanta, ta tura baro cikin ruwan da bai wuce cinyarta ba, ta ɗauko Janar. A hanya wandon ya tsage daga baya, tsagewar da ba ta bar wa kowa shakka ba. Siulan ta ɗaura masa tawul ɗin otal.

A haka suka isa ɗan jan ɗakin, kuma a nan zuciyar Pan ta dawo. Ganga na tashi, hayaƙin turaren tsinke ya rufe ƙofa, gari duk ya hallara. An jera kaji dafaffu, kifi, kwalaben giyar dawa, da sigari a kunne a bakin tebur, don an san soja da taba. A ciki ga mutum-mutumin Janar, saurayi mai faɗin kafaɗa da siririn ƙugu. Gefensa, cikin akwatin gilashi, ga hular kwano da takalma biyu.

Mai kula da ɗakin wata tsohuwa ce, Iya Ang. Ganin baƙi ta ba su labarin kamar yadda take ba kowa. Tana amarya ta fito gaɓa da asuba ta tsinci hula da takalman a kan dutse, babu mai su. Gindin hular ya ƙone baƙi ƙirin, alamar wutar da ya sha. Aka tambayi barikin, sojoji suka ce farar hula ba ya tambaya. Bayan wata guda zazzaɓi ya shiga gari, aka kira ɗan bori, ya hau, ya ce wani soja ne a ruwa yana jin sanyi. Suna da lamba suna cikin hular, sai aka gina masa ɗaki aka ba shi muƙami. Tun daga ranar, in ji ta, jirgin Tengwan bai ƙara nutsewa ba.

Pan ya gyara tawul, ya shiga tsakiyar fili, ya ɗaga hannu aka tsayar da ganga.

"Mutanen Tengwan, ku daina kuka. Janar ɗinku ya dawo. Ni ne Pan Tekhok."

Babu wanda yake kuka dama. Iya Ang ta dubi mutum-mutumin, ta dubi Pan daga maɓalli na biyu zuwa ƙasa, ta ce Janar ba shi da tumbi. Ya zuba mata lambarsa da ka. Ta nuna masa bango, inda aka rubuta lambar da manyan haruffa, ta ce ko akuyar gindin tanka ta haddace. Ya ce a kawo takalman. Aka yi ta muhawara, daga bisani aka buɗe gilashin. Ƙafar da ta shekara arba'in tana shan gishirin Siulan ta shiga har yatsu, ta tsaya.

Iya Ang ta ce abin bai kai na gardama ba, tunda mai ɗakin yana nan, a tambaye shi. Ta ɗauko 'yan katakon tambaya, jajaye biyu masu siffar jinjirin wata. Wanda duk ya taɓa shiga ɗakin bauta ya san hukuncinsu: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, an ce i, duka a kife, an ce a'a, duka a buɗe, ana yi maka dariya. Ta durƙusa, ta zagaya su cikin hayaƙi, ta tambayi Janar ko wannan bawan mai tawul shi ne shi. Ta saki. Duka a kife. Ta sake. A kife. Ta sake na uku, ɗaya ya yi ta juyi a kan gefensa, jama'ar Kimsan suka miƙa wuya, ya kife.

Pan ya ce hannun tsohuwa ne ya mutu. Ya ƙwace katakon, ya tsaya gaban mutum-mutumin ya ce masa ya dube shi da kyau, wasa ya isa. Ya watsa. Duka biyun suka faɗi a buɗe.

"Yana dariya," in ji Kawu Lo, a raɗarsa.

Nan Pan ya hau. Mutum ya jure amai, ya jure kabeji, ya jure baro, amma a ce kansa ya ƙaryata shi a gaban ƙuri'u arba'in, wannan kuma ya wuce. Ya ce tunda shaida suke so, zai ba su wadda babu a bango.

"Wannan baƙin na gindin hular, wutar yaƙi kuka ce ko? Uwar wa ta harbe ni? Kaguwa nake dafawa a ciki. Yunwa nake ji, na kama biyu a gindin dutse, na hura 'yar wuta. Takalman kuma na cire ne don ƙafata na ƙaiƙayi. Ina cikin fifita wuta na ji abu ya fito daga ruwa, baƙi, yana huci, yana jan ciki yana nufo ni. In ke ce za ki tsaya? Na riƙe kunnuwana biyu na zura, ban tsaya ba sai bayan makarantar firamare. Bindigar ma saje ne ya je ya ɗauko da safe. Shi ya ga sawun, ya ga ramin, ya ga ƙwan. Kunkurun teku ce ta zo nasa ƙwai. Wata biyu na yi a gadurum, aka sa ni a jirgin kaya ba wanda ya gani, na ƙarasa aikin soja ina feren dankali. To, wa ya san wannan in ba mai hular ba?"

Ya tsaya yana haki, yana duban jama'a da fuskar wanda ya ci shari'a. Sai da ya kai kan fuskar Madam Tiu ya fara jin abin da ya faɗa.

Iya Ang ta dubi hular a cikin gilashi. Sannan ta ce, a hankali, akwai ƙafar kaguwa a cikin hular ranar da ta tsince ta. Ta jefar, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don bai dace da Janar ba.

"Kun ji ko," in ji Pan, amma muryar ba ta fita sosai ba.

"Na ji, ɗana. Hularka ce, takalmanka ne. Amma shekara arba'in da biyar jirginmu bai nutse ba. Kai ne kake tsare su?"

Pan ya ce shi yana can birnin Kaohsiung yana facin babur.

"To ka gani. Kai ka bar aikin, shi ya ɗauka."

Ta mayar da takalman cikin gilashi ta kulle, ta yi wa mai ganga alama ya ci gaba. Mutanen Tengwan ba su ƙara kallonsa ba, sai wani dattijo da ya ba shi cinyar kaza daga teburin Janar, ya ce ko ba komai mutumin ya sha hanya. Mutanen Kimsan kuwa sun gaskata shi ɗari bisa ɗari. Kawu Lo ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce shekara talatin yana jin labaransa, yau ne ya fara jin wanda babu ƙarya a ciki.

Madam Tiu ta jira hayaniya ta lafa. Ta kunna tsinken turare uku, ta durƙusa gaban mutum-mutumin, ta faɗi sunanta da adireshinta yadda aka saba, ta ce tana neman kujerar mai unguwar Kimsan karo na huɗu. In Janar ya taimaka, za ta dawo da kaji goma da allon godiya mai ruwan zinariya. Ta saki katako sau uku. Sau uku ɗaya a kife ɗaya a buɗe. Tsofaffi arba'in suna tsaye suna kallo.

Zaɓen bai ɗauki lokaci ba. Tsofaffin dandali suka juya, 'ya'ya da surukai suka bi su. Pan ya sami ƙuri'a goma sha ɗaya, yawancinsu na masu baburan da ke hannunsa a lokacin.

Washegari da hantsi ya sa riga mai tsabta ya tafi shagon Madam Tiu, ya same ta tana wanke wa wata kai, mata shida suna jiran layi. Ya taya ta murna kamar yadda babba ke taya ƙarami. Ya ce bai yi mamaki ba, tunda ya ga wurin wanda ta kai kukanta, kuma shi ba ya mayar da mai roƙo hannu wofi ko da abokin takara ne. Game da alkawarin kuma, ya ce ba sai ta sha wahalar jirgi ba. Allon ta kai Tengwan in ta ga dama, amma kajin nan goma, gidansa yana nan bayan kanti, ƙofa ta uku.

Madam Tiu ba ta ɗago daga kan da take wankewa ba. Ta ce sai ta tambayi Janar tukuna.